Riɗin da Koriya Ta Ƙi Karɓa

Na yi aboki guda ɗaya bayan na tsufa, kuma da hannuna na rasa shi. Duk wanda ya san ni a Batsari zai ce bakina ne ya jawo, don an san ni da zuciya a kusa. To, wannan karon ba baki ne ya fara ba. Kwalbar fiya-fiya ce, maganin ƙwarin nan da ake sayarwa a kowace kasuwa, da kuma kyakkyawar niyya irin ta mutumin da ya ɗauka ya fi kowa sani.

A lokacin na riga na yi ritaya daga koyarwa a firamare. Matata ta rasu shekara biyu kafin nan. 'Ya'yana mata suna gidajen mazajensu a Katsina da Kano, namijin kuma yana Abuja, yakan bugo waya ranar Juma'a ya tambaye ni ko na sha maganin hawan jini. Gida mai ɗaki biyar ya rage daga ni sai ƙadangaru. Majalisar dattawan ƙofar masallaci kuwa na daina zuwa tun ranar da na gaya wa wani ɗan fansho irina, a gaban jama'a, cewa maganarsa ba kai ba gindi. Gaskiya na faɗa, amma ba wanda ya biyo ni gida ya ce in dawo. Sai na koma zaman zaure da rediyo. Akwai ranakun da in ka cire gaisuwar masallaci, ba na buɗe baki da kowa har rana ta faɗi.

Wata ranar kasuwa bayan girbi, wani dillalin hatsi da na taɓa koyarwa ya yi sallama da baƙo a bayansa. Ba'indiye ne, siriri, da furfura a gefen kunne da tabarau mai kauri. Dillalin ya ce wani kamfani ne daga Kano ya turo shi sayen riɗi, ana neman mai jin Turanci da zai yi masa tafinta, ana kuma neman ɗaki mai daɓen siminti da za a riƙa tara buhuna.

"Malam, kai ka faɗo mini a rai," in ji shi. "Ga Turanci, ga ɗakuna ba kowa."

Na harare shi a kan "ba kowa" ɗin nan, amma na amsa.

Ranar farko na yi abin da kowane mai gida zai yi: na sa maƙwabciyata ta dafa zakara da shinkafa. Aka kawo, na buɗe kwano ina jiran yabo. Mutumin ya dubi naman, ya dube ni, ya haɗa tafukansa a ƙirji, ya ce shi tun da aka haife shi nama bai taɓa shiga bakinsa ba, har ƙwai. Na ce a raina, ai ga alama nan, iska ma za ta iya ɗauke ka. Na cinye zakarana ni kaɗai cikin fushi, shi kuma ya ci gyaɗa ya sha shayi. Daga baya muka gano abin da ya haɗa mu, wato wake da shinkafa da man gyaɗa da yaji, wanda dama shi kaɗai na iya dafawa. Yajin da ke sa ni tari, shi ƙari yake nema.

Duk mako yakan zo a wata farar a-kori-kura, shi da direbansa. Mu zaga ƙauyuka da safe, Yasore, Darini, wani lokaci mu miƙa har Safana, da rana mu dawo zaure mu ci abinci. In na tashi sallar Azahar yakan rage muryar rediyo ya zauna shiru har in idar. Yana kirana Malam, ni kuma ina kiransa Oga kamar yadda kowa ke yi. Ban gaya wa kowa ba, amma tun ana gobe zai zo nake jiƙa wake, ina share zaure sau biyu.

A zauren nan na fara jin inda riɗin zai je. Na ɗauka Indiya za a kai a cinye. Ya ce a'a, Indiya zango ce kawai. A garinsu akwai injinan da ke tankaɗe riɗi su fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi, daga nan a sake loda shi a jirgin ruwa zuwa Koriya ta Kudu. Mutanen can, in ji shi, ba sa girki ba man riɗi, ƙasarsu kuwa duwatsu ce da birane, abin da suke nomawa ba ya isarsu. Sun daɗe suna saye daga Indiya, su kuma Indiyawa suna sayen motoci da wayoyi da firji na Koriya, har kamfanonin Koriya sun je sun kafa masana'antu a can. Ya juya bayan wayarsa ya nuna mini: suna na Koriya, ƙira a Indiya. Ya ce gwamnatocin biyu ma sun yi yarjejeniyar sassauta wa juna haraji. Shekarar da ruwa ya ɓata noman Indiya kuwa, sai a fito neman riɗi har Afirka don kada a saɓa alkawari. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina nuna wa yara Koriya a taswira da bakin sanda, ban taɓa kawowa a raina cewa abin da matan Darini ke yin kantu da shi zai iya kaiwa can ba.

Amma shi Oga, da na fahimce shi, ba yarjejeniyar gwamnati ce a ransa ba. Wani tsoho ne. Ya ce ya yi shekara huɗu a wani birnin bakin teku a Koriya yana wakiltar kamfaninsu, ba mata, ba 'ya'ya, ga sanyin da ke tsaga leɓe, ga shi ba abin da zai iya ci sai farar shinkafa da ganye. A can ya haɗu da wani tsoho mai injin matsar mai, wanda ya gaji sana'ar daga ubansa. Ya yi ta kai masa samfurin riɗi, tsohon ya shinshina, ya tauna, ya ture gefe. Sai a shekara ta uku ya miƙo hannu biyu ya karɓa, don a can ba a ba mutumin kirki abu ko a karɓa da hannu ɗaya. Daga nan tsohon ya riƙa kiransa gida ranar Lahadi, ya sa matarsa ta dafa abin da ba nama.

"Ba wata hira muke yi ba, Malam," in ji shi. "Turancinsa kaɗan ne, yarensu kuma ya fi ƙarfina. Zama kawai muke yi. Amma a duk ƙasar, shi kaɗai ne zai lura in na mutu a ɗaki."

Maganar nan ta shige ni sosai, don na san irin wannan ɗakin. Na ƙara masa shayi.

Aikina shi ne in isar wa manoma dokokinsa, kuma na isar har da ƙari. A kaɗe riɗi a kan tamfol, ba a ƙasa ba. A bar shi ya bushe sarai. Kada a fesa magani a gona in yanka ya matso, domin mutanen Koriya suna da ɗakin gwaji da ke gano abin da hanci ba ya ji. Wannan ta ƙarshen na fi ɗaga murya a kanta. Na taɓa kama wani a Yasore ya yi wa buhu ciko da yashi, na wanke shi tas a gaban surukinsa. Daga ranar suka sa mini suna Sufeto, suna faɗa a bayan idona, ni kuma ina ji ina jin daɗi.

Mutum ɗaya ne ban taɓa ɗaga wa murya ba: wani dattijo a wani ƙauye gaba da Darini, wanda shi ke tattara riɗin mutanen garinsu. Ya girme ni nesa ba kusa ba, ina ce masa Baba. Riɗinsa fari tas, in ka tsoma hannu ka fitar ba ƙura ko kaɗan. Oga yana ganinsa yake cire tabarau ya rusuna, su gaisa da hannu biyu, kowa na magana da yarensa.

Shekarar farko komai ya tafi daidai. Har saƙo ya zo daga tsohon Koriya cewa ya ji daɗin wannan riɗin, baɗi ma na wurin nan yake so, kuma kada a gauraya shi da na ko'ina. Oga ya zo da saƙon da wata 'yar kwalbar man da aka matsa, muka zuba a wake da shinkafa, ƙanshi ya cika zaure har maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Ranar na ga haƙoransa duka. Ni kuwa na kumbura kamar ni na ƙirƙiro riɗi.

Shekara ta biyu kayan suka ninka. Buhuna suka cika ɗaki uku, har da ɗakin marigayiya, wanda ban taɓa buɗewa ba tun da aka raba kayanta. Oga ya ɗebi samfuri ya kai Kano aka gwada, aka ce lafiya lau. Bayan nan ne buhunan garin su Baba suka iso, su ne na ƙarshe. Sai kuma babbar motar da za ta kwashe kayan ta ƙi zuwa, don lokacin hanyoyinmu sun fara ba direbobi tsoro. Kaya suka zauna a gidana fiye da wata guda.

Wata safiya na shiga duba ɗakunan, sai na ga wani ɗan ƙwaro mai fiffike a jikin bango, guda ɗaya tak. Na murtsuke shi da yatsa na tsaya ina tunani. Daga nan zuwa Kano, zuwa Legas, zuwa Indiya, zuwa Koriya, watanni ne a cikin akwatin ƙarfe. Na hango tsohon nan yana farke buhu ƙwari na tashi a fuskarsa, Oga na tsaye kunya ta rufe shi. A wurinmu kuwa ba wanda zai ajiye amfanin gona na watanni bai sa masa magani ba, sai sakarai. Matata duk shekara haka take yi wa wakenmu: ta tsiyaya fiya-fiya a ruwa, ta tsoma tsintsiya ta yayyafa a ƙasa da bango da jikin buhu, ta rufe ƙofa. Mun ci waken nan shekara da shekaru, ga ni nan da raina.

Na tafi kasuwa na sayo kwalba biyu. Na yi yadda take yi, har na fi ta, don na bi buhunan ɗaya bayan ɗaya, na jiƙa bakin kowanne. Na rufe kwana uku, sannan na buɗe tagogi har warin ya fita. Ban ɓoye don ina jin na yi laifi ba. Ban faɗa ba ne kamar yadda ba ka gaya wa baƙo cewa ka share masa ɗaki. A kaina maganin gona daban, maganin ɗaki daban. Na farko ha'inci ne, na biyu kula ce. Ni da na yi ta yi wa ƙauyuka tsawa a kan magani, ko sau ɗaya ban haɗa biyun a raina ba. Har ina jiran ranar da za a aiko cewa ba a ga ƙwaro ko ɗaya ba, in ce masa to ga sirrin.

Mota ta zo ta kwashe kaya. Kakar riɗi ta wuce, zuwan Oga ya koma sai jefi-jefi, na koma zamana da rediyo ina ƙirga makonni.

Cikin tsananin zafin bazara, ranar da ba kasuwa ba, na ji tsayuwar a-kori-kura a ƙofar gida. Na fito da murna ina cewa ai da ya faɗa da na jiƙa wake. Ya shigo ya zauna bai cire takalmi ba, abin da bai taɓa yi ba. Ya fito da takarda ya ɗora a gwiwa.

"An tsare kayanmu a tashar jirgin ruwa a Koriya, Malam. Sun gwada sun sami guba. Tsohon ya riga ya yi wa masu sayen mansa alkawari, yanzu injinsa a tsaye yake."

Ya karanto sunan gubar, wani dogon suna da ban taɓa ji ba. Na ce, ta mece ce?

"Irin wadda ake fesa wa sauro da kyankyasai a cikin ɗaki."

Nan take na tuna kwalabe biyun nan da tsintsiya. Shi kuwa bai ɗago ba, yana ta bin takardar da yatsa. Ya ce samfurin farko ya fita lafiya, don haka dole matsalar tana cikin buhunan da suka zo daga baya. Ya ce bai so ya yarda ba, amma dole mu je mu tambayi Baba da mutanensa, in ba a samu a can ba mu wuce Safana.

Na ce, "Haka ne."

Bari in faɗi abin da ya rufe mini baki, don na daɗe ina yi wa kaina ƙarya a kai. Ba tsoron hukuma ba ne, ba kuma tsoron kamfani ba. Tsoro nake kada mutumin nan ya tashi daga zaurena ya ƙi dawowa. Na ce a raina manoma suna da yawa, laifi zai ɓace a cikinsu, baɗi a ci gaba. Na ɗauko hulata muka shiga mota.

Mun sami Baba a gindin tsamiyar ƙofar gidansa yana gyaran igiya. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ruwa, aka yi gaisuwa mai tsawo, ina gida, ina zafi, ina gajiya. Mutane suka taru, kamar goma sha. Oga ya yi magana a hankali. Cewa ya yi, an sami magani a cikin riɗi, yana roƙo in akwai wanda ya sa ko da kuskure ne ya faɗa, ba abin da za a yi masa, so yake kawai ya san abin da zai gaya wa wancan tsohon.

Ba haka na fassara ba. Na ce an gano guba a riɗin garin nan, an kunyata mu a idon duniya, kuma duk wanda ya aikata ya ji kunya. Na ce shekara biyu ina zubar da yawuna a kan maganar nan kamar ina magana da bango. Muryata ta yi ta hawa. Wallahi ina yi ina jin kamar da gaske nake, don fushin da nake yi da kaina ya sami inda zai sauka.

Baba ya ajiye igiyarsa. Ya dube ni, ba Oga ba.

"Malam, mi ka ce? Guba? Riɗin wanga gari?"

Na ce abin da takarda ta nuna ke nan.

"Ni na tsaya bisa kowane buhu har aka ɗinke shi. Ko toka ban bari an sa ba. Malam, kai ka san mu. Hwaɗa mishi ka san mu."

Na kau da kai. Sai ya tashi da ƙyar ya shiga gida, ya fito da wata tsohuwar gora cike da irin riɗin da ya ajiye na shukar damina. Ya kwance bakinta ya juye duka a kan tabarma a gaban Oga, ya ɗebi cikin tafi ya watsa a baki ya tauna, yana kallonmu. Ya ce a kwashe sauran a kai duk inda ake gwadawa, in an ga wani abu ya yarda a ɗaure shi. Tsoho ne da ko sarkin garinsu ba ya katse masa magana, ga shi yana tauna iri a gaban 'ya'yan cikinsa don a yarda da shi.

Oga ya tambaye ni me ya ce. Na fassara masa daidai wannan karon. Ya ƙulle ɗan irin a ƙyalle, ya haɗa tafuka ya rusuna wa Baba, muka tashi. Ba wanda ya raka mu mota.

Muka kama hanyar Safana. Gonaki sun bushe ƙurmus, sai kututturen dawa da awaki. Ina zaune a tsakiya, kafaɗata na gugar tasa duk lokacin da mota ta faɗa rami. Ya riƙe ɗan ƙullin irin Baba a cinyarsa. Mun yi nisa, har an fara hango rufin kwanon Safana, na ce wa direba ya tsaya.

Na faɗa masa a tsaye a bakin hanya, cikin rana. Kwalba biyu, tsintsiya, kwana uku a rufe, komai. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya daɗe yana gogewa.

"Don me, Malam?"

Na ce don kada ƙwari su kunyata shi a gaban tsohon.

Ya yi wata 'yar gajeriyar dariya da ba daɗi a cikinta, ya rufe fuska da hannu ɗaya. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi, don na iya faɗa, na san yadda ake ramawa. Sai kawai ya ce wa direba ya juya.

Mutanen ba su gama watsewa daga gindin tsamiya ba. Oga ya tsaya a jikin mota, ya ce wannan ba ta bukatar tafinta. Na taka ni kaɗai. Na durƙusa a gaban Baba, na cire hula, na faɗa da Hausa, da muryar da na bayan ma za su ji. Wani matashin magidanci ya ce, "Ashe Sufeto ne da kansa," wasu suka yi tsaki. Baba ya ɗaga musu hannu.

"Fiya-fiya ai kowa na sa ma wake," in ji shi. "Da ka hwaɗi tun ɗazu, da mun ce kuskure ne, mu taya ka ba baƙo haƙuri. Amma ka tsaya nan ka zage mu, kana sane." Sannan ya ce, "Tashi, Malam. Allah shi kyauta."

Ya ba ni hannu, hannu ɗaya, ya janye da wuri. Har ya rasu muna gaisawa in mun haɗu a kasuwa, gaisuwa cikakkiya, amma bai sake ce mini in biyo in sha ruwa ba.

Oga ya sauke ni a ƙofar gida da La'asar sakaliya. Na ce ya shigo ko shayi ya sha. Ya ce hanya, gara su isa Katsina da ido. Ya miƙo mini ƙullin irin ya ce in mayar wa mai shi, kada ya rasa na shuka. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana.

Mako uku ban ji daga gare shi ba. Na ɗauki waya ya fi a ƙirga, in lalubo lambarsa in ajiye. Na tsara maganar da zan yi, da Turanci mai kyau, har na rubuta a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa: cewa na cuce shi, na cuci tsohon da ban taɓa gani ba, ina roƙon ya yafe mini. A bakin hanyar Safana na faɗi abin da na yi, amma ban roƙi gafara ba. Ban saba ba. Shekara sittin da wani abu ni ake ba haƙuri.

Shi ya kira, wata safiya, ina shanya. Na ji hayaniya a bayansa, ya ce yana filin jirgin sama na Kano. Kamfani ya janye daga yankinmu, shi kuma an mayar da shi gida, za a ba shi tebur a ofis, ba zai ƙara hulɗa da Koriya ba. Na ce ai sai ya rubuta musu cewa ni ne, tafinta ne ya yi. Ya ce ya rubuta cewa ɗakin ajiya ne, kuma shi ya zaɓi ɗakin, shi ne bai sake gwaji ba.

Na ce, tsohon Koriya fa?

"Na kira shi da kaina. 'Yarsa ta yi mana tafinta. Ya tambaya wa ya yi. Na ce abokina ne, ya yi ne don ya kare ni, bai sani ba." Ya ƙara da cewa, "Ya ce ya gane. Ya ce shi ma ubansa ya taɓa yin irin wannan. Sannan ya ce ba zai iya sake saye a hannuna ba, kuma in kula da lafiyata."

Abokina. Shekara biyu muna cin abinci a kwano ɗaya, ban taɓa jin ya kira ni haka ba, ni ma ban taɓa kiransa ba. Takardar da na rubuta tana cikin aljihun rigar da ke jikina. Na sa hannu na taɓa ta. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarsa ko jirgin zai tsaya a wata ƙasa, da awa nawa ne zuwa garinsu. Ya amsa mini duka, a hankali. Ya yi shiru kaɗan, na san ni yake ba wuri. Na ce ya gaishe da iyali.

"Za su ji, Malam," in ji shi. "Ana kiranmu."

Na bari sai washegari in ya huta. Washegari na kira, aka ce layin a kashe yake. Layin Najeriya ne, ban taɓa tunanin in karɓi na can ba. Na je wurin dillalin da ya kawo shi, ya bi mini har Kano, aka ce mutanen ofishin duk sababbi ne. Na kira lambar nan kusan shekara guda, duk ranar kasuwa, har ranar da wata mata ta ɗauka ta ce ita sabon layi ta saya, kuma don Allah Baba a daina damunta.